Gurbi Biyu

Fom ɗin ya zo da cikinsa a cike,
kwasa-kwasai bakwai na dole, an buga su da baƙi,
ba a nemi jin ta bakina ba.
Sai can ƙasa, gurbi biyu a wangame
kamar giɓin yaro mai famfara,
an ce: zaɓi da kanka.

Ni da tun firamare auna mini ake yi
a juye mini a ƙwarya,
yau an miƙo mini mudun,
hannuna sai ɓari.

Gindin bedin da ke bakin sashenmu
Ukashatu ya kafa majalisa.
Ya san malamai yadda direban Jibiya ya san ramuka:
"Wannan hannunsa a sake yake, bi shi.
Nazarin Laifuka da aiki a gaba, kaki da albashi.
Amma Ƙidayar Jama'a, kul!
Lissafi ne ya sanyo babbar riga,
kuma Dakta Barira ba ta san alfarma ba.
Bara tara suka shiga rafin,
uku suka haye."

Na ɗauki biro, na ajiye.
A shagon kwamfuta na Ƙofar Ƙaura
aka ɗauke wuta ina tsakiyar wasiwasi.
Yaron shago ya ce inji ba mai,
in dawo bayan isha'i.
Na naɗe takarda na nufi Rafindadi.

Kaka Yelwa na tsakar gida tana ɓarar gyaɗa.
Ta karɓi fom a juye, ta gane hotona,
ta ce, "Wannan lamba ta kusa da kunnenka fa?"
Na ce ranar haihuwata ce, ɗaya ga watan ɗaya.
Ta yi dariya har ɓawo ya watse.
"Wa ya faɗa musu? Da damina ka zo,
daren da katangar Malam Dikko ta zube,
gero na fid da kai."

Sai ta shiga jera ƙwaya kan tabarma.
Goma sha ɗaya ta haifa.
Ta ture huɗu gefe,
su ne nake gaisarwa da Salla.
Bakwai ta bari gabanta
tana taɓa su da ɗan yatsa:
Lawisa, ƙyanda.
Ɗanjuma, tarin shiƙa, yana tatata.
Hakama, shekarar sanƙarau.
Ta bi su ɗaiɗai har kan tagwaye
da ba su kai ranar suna ba.
"Waɗannan ba su shiga littafin kowa ba,
ni ce rajistarsu,
ni kuwa ga shi ido ya fara yana."

Ban ce komai ba.
Ta tattara gyaɗar duka
ta zuba a kwano ɗaya.

Bayan isha'i wuta ta dawo.
Gurbin farko na cike shi da Ƙidaya.
Na san zan sha ruwan alƙaluma,
wataƙila in maimaita baɗi.
Ukashatu ya yi mini ta'aziyya
tun ina tsaye da ƙafata.

Gurbi na biyu kuwa, kada in yi muku ƙarya,
ba wani hangen nesa a ciki.
Na zaɓi wanda ake tashi ƙarfe biyu
don in sami bas kafin layi ya kai bakin get,
kuma na ji an ce Shamsiyya ma shi ta ɗauka.

Injin buga takarda ya yi tari ya tofo.
Naira ɗari biyu, ba ragi.
Na duba, ɗaya ga watan ɗaya na nan, ko gezau.
Na kifa takardar kan benci,
na rubuta a bayanta da biro:
damina, gero na fid da kai,
sai sunaye biyar a jere,
sai gurbi biyu
da na bari a buɗe.