Kwano Ɗaya a Gumel

An sake ɗage shari'ar Tanimu.
Wata tara yana tsare
kan akuyar da ta koma gida da ƙafarta.
Mai ƙara bai zo ba, ɗan sanda ya tafi kwas,
alƙali ya dubi kalanda, ya ce sai bayan Sallah.

Na fito da baƙar riga a kafaɗa,
ta fi buhun gero nauyi.
Fayil arba'in da bakwai na jirana,
kowanne da uwa zaune a bakin ƙofa.
Takardar ajiye aiki na aljihuna tun Litinin,
har gumi ya cinye sa hannun.

Sai Nafi'u akawu ya ture fayilolin gefe,
ya shimfiɗa tsohuwar jarida,
ya buɗe kwanon dambu, zogale ya sha ƙuli.
Ilu masinja ya kwance ƙullin yajinsa
kamar mai gabatar da hujja.
Barista Sagiru, da tun safe bai tanka ba,
ya ɗanɗana ya ce, "Gishirin nan ya tsallake beli."
Dariya ta ƙwace mini har na ƙware.

A nan babu "ya mai shari'a".
Hannu huɗu, kwano ɗaya.
Ilu na lasar yatsa ya ce ai ya san mai akuyar,
duk Alhamis yana kasuwar Maigatari,
zai ɗauko shi a babur.

Nafi'u ya rage saura a murfi: na Tanimu ne.

Na laluba aljihu, na zaro takardar,
na goge man hannuna da ita,
na ce, "Gobe ɗanwake a wuyana."