Bango Na Takwas

Ran da na fara zuwa, dusar ƙanƙara ta riga ni shiga,
ta bi ta ɓular rufi
ta kwanta a tsakar falo kamar ita ke biyan haya.
Tantabaru a sama, jemagu a matakala,
ga warin tsohuwar masara tun zamanin da aka mai da shi rumbu.
Majalisar gari ta ce a rushe.
Ni kuwa na kewaya shi sau biyu
na rasa ina ne gabansa, ina ne ƙeyarsa.

Littafin cocin wannan ƙauye na Wisconsin
ya ce Lemuel Ostrander ne ya gina shi
shekara ɗari da saba'in baya,
da tsakuwar kogi da farar ƙasa,
yana kwaɓawa yana zubawa, bazara biyu cur.
Maƙwabta kan tsai da keken doki su yi ta dariya:
wannan gida ne ko ganga?
Bai tanka ba. Matarsa Thirza na fama da tari,
likita ya ce ba sauran magani sai rana,
shi ne ya yi wa rana tarko mai fuska takwas,
duk inda ta juya, taga na jiran ta.

Hunturu uku Thirza ta yi tana jan kujera
daga hantsi zuwa la'asar, ɗaki zuwa ɗaki.
Sawun kujerar na nan a katakon ƙasa.
Da'ira ce. Ba ta kai ga rufewa ba.

Bayansu leburorin jirgin ƙasa sun kwana a ciki,
wata gwauruwa ta koyar da ɗinki,
sai masara, sai shiru.
Fenti sha ɗaya na kankare a ƙofa guda,
kore, ruwan toka, wani rawaya mai ban haushi,
can ƙasa na iske shuɗi, siriri kamar numfashi.

Gidan nan ba ya son mai gaggawa.
Ba kusurwar da ta miƙe,
zarto ma sai da ya koma ajin farko.
Ni da Solveig mai koyon aiki a hannuna
mun ɓata katako ya fi wanda muka kafa,
tana zagin Lemuel da safe, da yamma tana ba shi haƙuri.

Da muka auna, bango bakwai kansu ɗaya,
na takwas ya gaza da inci huɗu.
Injiniya ya ce a daidaita.
Muka ɓare allon ciki, sai ga lissafi da fensir,
hannun Lemuel, ya tara ya ɗebe ya soke,
kuskuren na nan ɓaro-ɓaro a layi na uku.
A ƙarƙashi ya rubuta:
Na gaya mata. Ta ce a bar shi haka,
kujerar za ta fi saurin isa.

Na mayar da allon da tsofaffin ƙusoshinsa.
Injiniya ya yi fushi kwana biyu.

Yanzu rufi ya daina yoyo, an sa gilashi a 'yar hasumiya,
'yan makaranta na zuwa ran Asabar su ƙirga bango da yatsa.
Ni dai in sun watse nakan tsaya wajen ƙarfe huɗu
in ga rana ta tsallaka inci huɗun nan da babu,
ta sauka daidai inda sawun ya tsaya.