Ƙwaya ta Hamsin da Bakwai

A Alta rana ta yi wata guda ba ta leƙo ba,
fitilar gareji ce hantsinmu.
Eilif ya shigo da tasinsa, ƙanƙara a gemu,
ya ce, "Torunn, ɗan duba min, sauri nake.
Allo ya ce saba'in da huɗu cikin ɗari,
ya isa Kautokeino har da canji."

Na soka waya a ƙarƙashin sitiyari.
Mota ba ta da baki,
amma in ka iya tambaya
takan amsa da lambobi.
Ƙwayoyi casa'in da shida a cikin batir ɗin,
kwance a jere, kafaɗa da kafaɗa,
kowace da nata numfashi.
Casa'in da biyar sun tsaya kai ɗaya.
Ta hamsin da bakwai ta ɗan sunkuya,
milibolt arba'in kacal,
abin da bai kai a faɗa ba.

Amma ruwa ba ya tsami banza.

Na ce, "Kunna hita. Taka ta kaɗan."
Ya taka. Na ga ta zube
kamar tsohuwa a kan matakala,
ta miƙe daga baya, a makare,
tana kakkaɓe zani.

"Guda ɗaya ce fa," in ji shi.
Na ce, eh, guda ɗaya ce,
sai dai in ta ce ta gaji
sauran duka za su zauna jiranta.
Haka aka gina su. Ba sa barin 'yar'uwa a hanya,
ko da kai za su bari.

A kujerar baya akwai Marit Ánne,
an gama mata wankin ƙoda tun asuba,
tana gyangyaɗi, hannu cikin safar ulu.
Gabansu tudu ne fari fat, babu gida, babu soket,
sanyi ashirin da shida ƙasa da sifili,
sanyin da ke sa caji ya noƙe
kamar kunkuru.

Eilif ya yi tsaki. Bashin motar bai ƙare ba,
shekara shida, kilomita dubu ɗari uku da ɗoriya.
Lafiyar batir tamanin da ɗaya.
Ban ce masa ta mutu ba, don ba ta mutu ba.
Na ce, "Ɗauki tawa. Makulli na kan ƙusa.
Birkinta na ƙara, kar ka kula."

Suka tafi. Na jona tasa da wuta, a hankali,
na haɗa kofi, na jawo kujera.
Dare ko rana, nan duk ɗaya ne.
Ina kallon allo,
casa'in da biyar suna ta haƙuri,
ita kuwa tana hawowa,
ɗigo,
ɗigo,
har kofin ya huce a hannuna.