Minti Saba'in da Takwas

Ƙarfe huɗu aka busa usur,
rana ko a jikinta.
Bazarar Maraɗi ba ta san la'asar ba.
Ƙasar filin na cin tafin ƙafa ta cikin takalmi
kamar tandar mai waina a Bagalam.

Ni ce lamba shida.
Ba a rera sunana, ba a neman hotona.
Aikina gudu:
in kai, in dawo, in tare, in sake kaiwa,
in bi 'yar Damagaram ɗin nan mai dogon wuya
wadda ba ta san gajiya ba,
ko kuwa ta fi ni iya ɓoye ta.

An ce kilomita goma muke ci kafin a tashi.
Wanda ya ƙirga a inuwa yake zaune.
Bai ƙirga birki ba.
Bai ƙirga juyin da jiki ke nufar gabas
gwiwa tana can yamma ba,
balle gwiwar hannun da ta sauka a haƙarƙarina
sa'ad da alƙaliya ke duban wani wuri.

A hutun rabi Barira ta tuɓe safa,
farcen babban yatsa ya biyo safar.
Ta dube shi, ta ce, "Na uku ke nan bana,"
ta naɗe wurin, ta mai da takalmi.
Ba wadda ta ce sannu. Ruwa muke sha.
Ƙanƙarar dala arba'in da aka sayo
ta narke tun ba ta ga idon sawun kowa ba.

Ni kuwa baƙon wata ya sauka jiya da dare,
mara na murɗawa kamar ana matsar wanki.
Wannan ba ya shiga takardar wasa.

Yanzu minti saba'in da takwas.
Harshe ya koma kilishi,
huhu na zuga kamar a maƙera,
sharaɓar hagu ta dunƙule, ta ce nan za ta kwana.
Daga bakin layi koci Sahabi na ta ihu:
"Tsahara, koma! Koma!"
Sai ka ce akwai wata Tsahara a ajiye
wadda ba a taɓa ba tun safe.

Sai ga ƙwallo ta tsinke ta gefe,
doguwar nan ta bi ta.
Tsakanina da ita taki ashirin,
tsakaninta da raga Habsu kaɗai.

Ban yi shawara da ƙafafuna ba.
Na tafi.
Na zame, cinya ta bar fata a ƙasa,
ƙwallo ta fita waje.
Jifa ce kawai. Ko tafin kirki ba a yi ba.

An tashi babu ci.

Gobe da safe, in na tsuguna gaban murhu,
gwiwa za ta karanta mini wasan tun daga farko.
Inna za ta dubi cinyar nan,
ta miƙo man kaɗanya,
ta ce, "To, wa ya ci?"

Jibi akwai atisaye, ƙarfe shida.