Jan Ido a Kan Kanta

Shagona yana Tal'udu, jikin rumfar Ɗayyabu mai shayi,
nan ɗalibai ke zuwa cika fom ɗin jarrabawa.
Kwamfuta uku, firinta guda mai yawan tari,
sai wani farin akwati a kan kanta
wanda cefanen gidana ke bi ta cikinsa.
Ido gare shi.
In ya yi kore, akwai nama a miya.
Yau kwana arba'in da ɗaya yana kallona da ja.

Na kira su. Wata murya, kamar an jiƙa ta a zuma,
ta ce in danna ɗaya, in danna uku, in dakata.
Na dakata har Ɗayyabu ya sauke tukunya ta biyu.
"Yallaɓai, kashe ka kunna."
Na kashe, na kunna.
Na kashe, na kunna,
har ɗana Mudi ya ce, "Baba, ko makunnin ne muke biya wa kuɗi?"

Kowane kira da lambar ƙorafinsa.
Ina rubuta su a bayan kalanda.
Sun kai tara, sun yi layi kamar masu jiran mai.

Sau biyu injiniya ya zo a kan babur,
Sagiru, yaron kirki, da tsanin aro.
Ya hau falwaya, ya sauko yana sharce gumi:
"Masu haƙa kwalbati sun datse waya,
amma gaskiya, Malam, matsalar daga sama take."
Kowa sai ya ce daga sama.
Ni ban ga wanda ya taɓa hawa can ya dawo da amsa ba.

Abu guda bai taɓa lalacewa ba:
saƙon ɗaya ga wata.
Shi kam ya san hanya, ko ana ruwa.

Ran Laraba Barmani ta zo tun daga Rijiyar Zaki,
kuɗinta a ƙulle a gefen hijabi,
ranar da za a rufe rajista.
Muka zuba wa allo ido, ƙawanya tana juyawa, tana juyawa.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Ta karɓi takardunta, ta tsallaka titi.

Sai na tuna ɗan garuwan layinmu.
In ya kawo jarka babu ruwa,
wa zai ce masa ga kuɗinka, sannu da aiki?
A Kwari ma, in yadi ya fito da huji,
ana mayarwa, kuma zumunci bai ɓaci ba.
Sun ce in yi haƙuri, na yi har ya tsufa.
Haƙuri da haƙƙi suna kama a baki,
amma ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Firinta ba ta neman sabis.
Na zauna na buga, baƙi a kan fari:
na biya wata shida a dunƙule, ga rasit;
a maido mini kuɗin kwanakin da ban sha ba;
in gyaran ya fi ƙarfinku, ba abin kunya ba ne,
ku sake ni ba tara, in nemi wata rijiya.
Kwafi ɗaya nasu, ɗaya na hukumar sadarwa,
ɗaya na aljihuna.

A ofishinsu sanyin na'ura har ƙashi,
intanet kuwa kamar ruwan famfo da asuba.
Yarinyar kanta ta buɗe baki za ta ce haƙuri,
na ce, "'Yata, hatimi kawai, da kwanan wata."
Ta buga. Ƙarar ta fi mini duk muryoyin zuma.

Bayan la'asar idon ya yi kore.
Mudi ya daka tsalle, har Ɗayyabu ya leƙo.
Minti shida, ya koma gidan jiya.
Na ɗauki biro na juya kalanda.
Minti shida.
Zan cire musu daga abin da nake bin su,
ni ma ba na cin haƙƙin kowa.