Wutar Gidan Mma Ayishetu

A Asawase, bayan injin niƙa,
na ja wa Mma Ayishetu waya, ɗaki bakwai.
Kwana tara ina rarrafe cikin silin,
ni da ɓeraye da zafin kwano.

Sidi dubu biyu muka yi da ita,
da baki, a gaban Fuseini mai shayi.
Ta ba ni ɗari shida, ta ce
sauran sai fitila ta kama.

Fitila ta kama.
Har firijinta na ƙanƙara ya soma nishi.

Da na koma, sai ga ɗanta daga Akra,
da tabarau, da bakin lauyoyi:
“Ina lasisinka? Shekarunka nawa?”
Na ce sha shida.
Ya ce, “Yaro ba ya ƙulla ciniki,
marar takarda kuwa, da wace ƙafa zai shiga kotu?”

Ranar da na hau tsani
babu wanda ya ƙirga mini shekaru.
Ranar da wuta ta ja ni a babban yatsa
ita ma ba ta nemi takarda ba.

Fuseini ya ce bai ji ba,
butarsa na tafasa a lokacin.
Kawu Mutala ya ce in bar wa Allah.

Na san wayar da zan tsinke, gidan ya mutu.
Filaya na aljihuna.
Amma jiya da magariba na wuce,
na hangi jikarta ƙarƙashin ƙwan da na ɗaura
tana haɗa baƙi, tana cizon fensir.

Na daɗe a tsaye.
Ban ga inda na yi kuskure ba.