Huɗu Cikin Ɗaya

Da wayar tsohuwar katifa na fara,
wadda Anaruwa ya yar a bayan shagonsa.
Na naɗe ta jikin ƙusa mai kauri
har ta yi kama da hanjin kaza,
na bi ta da almakashi, ƙyas, ƙyas,
zobba na zuba cikin kwanon sha.

Huɗu cikin ɗaya, ɗaya cikin huɗu.
Haka kakana ya ce ake sarƙa sulke,
shi ma ji ya yi, bai taɓa yi ba.
Gadonsa rabin hannun riga ne
da tsatsa ta cinye gefensa,
yana kwance cikin gwangwanin madara.
Shi ne malamina. Ba ya magana,
sai dai in buɗe shi a rana in ƙirga.

Malam Jaɓɓi na sakandaren Gummi
ya ce shida yake so kafin ƙarshen zango,
yara za su kwaikwayi yaƙin da.
Na ce, Malam, ka san zobe nawa ke riga guda?
Ya ce a'a.
Na ce da ka sani da ba ka ce shida ba.
Muka daidaita a kan uku, da kuɗin waya.

Da rana ina ɗinkin tayar babur,
da dare filaya biyu da fitilar caji.
Babban yatsana ya tsage, ya warke, ya yi kanta.
Kulu na gefe da basilla
tana cusa audugar rimi cikin lifidi,
tana atishawa, tana ce mini
mazan da ma ai mata suka tufatar.
Kwalkwali kuwa, tasa ce na bubbuge,
in ka dube ta da kyau
za ka ga inda sunan mai ita yake.

Ranar gwaji muka sa wa Nomau,
ɗan aji biyar mai wuya kamar zalɓe.
Aka sare shi da takobin katako,
rigar ta yi shuu kamar ruwa kan kwano,
ya yi dariya, ya ce a ƙara.

Da yammar ne wani dattijo ya tsaya.
Ƙafarsa duk laka ce ta ƙetaren gulbi.
Ya daɗe yana kallon wadda ke rataye,
sannan ya kwance bakin zanensa,
kuɗi a nannaɗe, sun yi laushi don riƙo.
Ya ce, wagga riga tana tsai da harsashi?
Ɗana za shi gona, gero ya nuna.

Filaya ta yi mini nauyi a hannu.
Na ga buhun masara cikin kuɗin nan,
na ga kuɗin makarantar Ige.
Na ce, Baba, kibiya ma sai da sa'a.
Wannan ta wasa ce.

Ya ɗaga ta duk da haka, ya auna,
ya ce ta yi wa mai gudu nauyi.
Ya mayar da kuɗinsa, ya ɗaure,
ya ɗauki zobe ɗaya daga kwano,
ya gwada a ƙaramin yatsa, bai shiga ba,
ya ajiye mini shi a hankali.
Ban tambayi sunan ɗan ba.

Ran wasa filin ƙwallo ya cika.
Nomau ya faɗi sau biyu, ya mutu da kyau,
aka yi tafi, ya tashi yana kakkaɓe wando.
Duk matattun suka tashi,
suka bi layi karɓar lemo.

Na dawo gida da riguna uku a buhu,
ɗaya ta ɓalle a hammata.
Gero an ce an yanke a wasu wurare.
Na kunna fitila. Na nemi inda ya buɗe.
Huɗu cikin ɗaya.